Gafakar Malam Babba

Lokacin zafi ne, irin zafin Dubai da in kin leƙa waje tabaraunki ya yi hazo nan take, rigarki ta manne da bayanki kafin ki kai bakin titi. A gida kuwa damina ta yi nisa. Duk wanda ya kira ni sai in ji ruwa yana dukan kwano a bayan muryarsa, in yi shiru ina saurare har ya ce, "Kina ji na kuwa?" Shekarar nan gaba ɗayanta ban san zama ba. In ɗaga labule in sake shi, in wanke kofin da na riga na wanke, in ɗauki jikata daga barcin da ba ta gama ba don kawai hannuna ya sami abin yi.

Jego ne ya kawo ni. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, mijinta kuma aikinsa ya fi yawa a wajen gari. Da aka gama wanka ta koma aiki, sai ta ce in ƙara zama kaɗan. Kaɗan ɗin nan aka yi ta sabunta masa biza har shekara ta zagayo. Gidan a unguwar Murakkabat yake, can saman bene, ɗaki biyu da falo, esi ba ya hutawa. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarmu ba ta wuce murmushi a cikin lif.

A ƙasan akwatina, cikin tsohon zane, akwai gafakar Malam Babba. Ban taɓa tafiya na bar ta ba, shi ya sa ta biyo ni har nan.

Malam Babba kakan kakan mahaifinmu ne. Ya rayu ya rasu tun kafin Turawa su shigo ƙasarmu, kuma abin da muka sani game da shi duk daga bakin manya muka ji. Ɗan marina ne. Ya tafi gabas neman karatu yana saurayi, ya daɗe har aka fid da rai, sannan ya dawo da rama da tarin ilimi ya buɗe makaranta a zauren gidansu. Yara sun zo kamar yadda suke zuwa ko'ina. Amma abin da ya dame shi manyan ne: marina da masaƙa da fatake, masu gemu, da suke tsayawa a bakin zaure kamar masu jiran wani, alhali karatun suke saurare, kunyar ɗaukar allo cikin yara ta hana su shiga. Saboda su ya fara rubuta 'yan littattafai da Hausa cikin baƙaƙen Larabci. Ɗaya na koyon baƙi da wasali, ɗaya na tsarki da salla, ɗaya na lissafi don fatake, da wani ƙarami na yadda mutum zai rubuta wa danginsa na nesa gaisuwa.

An ce mutum ne marar zama. Yana karantarwa yana kai da kawowa, in ɗalibi ya kasa sai ya fita ya zagaya gida ya dawo, don kada ya faɗi abin da zai sa dattijo ya ƙi dawowa. Wasu malaman garin sun yi ta yi masa tsiya, wai ya zubar da darajar alƙalami da yake rubuta wa masu baƙin hannu karatu da harshen kasuwa. Ya bar unguwar saboda su, ya koma bayan ganuwa, marinan suka bi shi.

Littattafansa ba ɗinkakku ba ne. Takardu ne warwara, a ƙasan kowace ya rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, don a gane jerinsu. Takarda a zamanin tsada gare ta, daga bayan hamada ake kawo ta, amma al'adarsa ita ce in ya biya wa babban mutum darasi sai ya zare takardar ya miƙa masa, ya tafi da ita gida ya yi tilawa inda ba mai ganinsa. In ya iya, ya dawo da ita ya karɓi ta gaba. Mahaifinmu yakan yi dariya ya ce Malam Babba ya rubuta littafi huɗu amma bai taɓa kwana da ko ɗaya cikakke ba. Wasu takardun sun tafi Gwanja da fatake ba su dawo ba, wata akuya ta ci, wata ta faɗa karofi. Ya zauna ya sake rubutawa. Waɗanda suka gaji gafakar ma haka suka yi, shi ya sa in kin buɗe za ki ga hannu iri-iri, har da na mahaifina mai karkata. Abin mamakin, takardar farko ta littafin baƙaƙe, wadda ta fi kowace yawo, har yau ta hannun Malam ɗin ce. Ta yi laushi kamar tsumma, gefenta akwai shatin babban yatsa na shuni.

Sharaɗi ɗaya ya bari: gafakar tana hannun mai karantarwa. In mai riƙe da ita ya daina, ya miƙa wa wanda yake yi.

Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na yi haihuwa huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, muna zama kan bencin 'yan firamare bayan sun tashi, gwiwoyinmu na gugar tebur. Da idona ya buɗe a can sai kwaɗayin na gida ya kama ni, na koma wurin mahaifina ya biya min takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Daga baya matan layinmu suka fara taruwa a tsakar gidana bayan la'asar. 'Yan'uwana maza kowa ya kama kasuwa ko aikin gwamnati. Da ciwon mahaifinmu ya yi tsanani, a gaban Yaya, babban wanmu, ya ɗora min gafakar a cinya. Tun daga ranar Yaya yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

Shi ne ya kira ni a tsakiyar zafin nan.

"Malama, ya Dubai? An ce har kin fara Larabci."

"Yaya, daga shukran ban wuce ba."

"To madalla. Ɗalibai nawa gare ki yanzu?"

Ya san amsar.

"Ɗan ƙanenmu ya buɗe ajin manya a Islamiyyarsu," in ji shi. "'Yan acaba ne da masu faci, har da wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya zo ya durƙusa ya tambaye ni gafakar. Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Ke kin san abin da aka bar mana."

"Ai zan dawo, Yaya."

"Bara ma haka kika ce. Akwai Hajiyar layinmu mai sarin abaya, tana nan garinku yanzu. Na ba ta lambarki. In za ta taho ki ba ta."

Ban yi masa musu ba, don ba shi da laifi. Amma tun daga wayar nan abinci ya daina min daɗi. In fito da gafakar in shimfiɗa takardun a gado, in jera, in mayar, an jima in sake fitowa da su. Ita kaɗai ce abin da nake da shi a gidan nan da ba 'yata ce ta saya min ba. In ta tafi, me ya rage? Tsohuwa mai goyon jika a bakin taga.

'Yata ta ga halin da nake ciki. "Umma, mu ɗauki hotonsu duka a waya, shi ke nan kina da naki. Ko ki ce wa Kawu sun yi tsufan da ba za su jure tafiya ba. Ai gaskiya ne ma."

"Da ƙafa suka je Gwanja," na ce mata.

Hajiya ta zo wata rana da hantsi. Doguwar mace ce mai jiki, da haƙorin Makka, wayoyi biyu a hannu ɗaya, tana haki tana zagin rana. Ta zube a kujera daidai saitin esi ta ce a ba ta ruwa kafin gaisuwa.

"Maman nas, yayanki ya hana ni sakat. Na zaci gwal ne. Ina kayan?"

Na ɗauko. Ta juya gafakar ta shinshina fatar.

"Buɗe."

"Takardu ne kawai, Hajiya."

"Ko na uwata ne ba na ɗaukar saƙo a rufe. Filin jirgin nan ba a yi masa rantsuwa. Yalla, buɗe in gani da idona."

Na wanke hannu na warware igiyar. Takardar farko ce a sama. Ta sunkuyo, wayarta tana ta ƙara ba ta kula ba.

"Laya ce?"

"Karatu ne. Na koyon baƙaƙe, na manya."

Na nuna mata yadda Malam ya bi da su. Bai fara da sunan baƙi ba, da kamanninsa ya fara. Na farko tabarya ce a tsaye. Na biyu ƙwarya ce da ƙwayar gero ɗaya ta faɗo ƙarƙashinta. Na uku ƙwaryar ce dai, amma tsaba biyu sun yi tsalle sama wajen sheƙa. Hajiya ta sa yatsa a iska tana bi.

"Wannan tsohon ya san mata," ta ce. "Wa ya kai shi wajen sheƙa?"

"An ce matarsa yake tambaya."

Ta yi dariya har haƙorin ya fito. Sannan ta gyara zama ta ce ita fa lamba kawai ta sani. Lamba kam ko cikin barci. Kwalayenta da jan layi uku da da'ira take shaida su, masu kago da ke aika mata kaya gida duk sun san alamarta, saƙo kuma da murya take aikawa. Talla ta yi tun tana ƙarama, surorin salla a kunne ta ɗauka.

"Kin san abin dariya, Maman nas? In na je Umra, a Harami nakan ɗauki Alƙur'ani kamar kowa in buɗe. In na ga ta kusa da ni ta juya shafi, ni ma in juya. Wata rana na zauna kusa da wata mai sauri, na kusa sauka kafin azahar."

Muka yi dariya tare, amma ita ta riga ni dainawa.

"Jirgina sai kwantena ta tashi," in ji ta. "Akwai sauran kwanaki. Ajiye kayanki tukuna. Gobe in na taso daga kasuwar Sabka zan biyo, ki ƙara nuna min ƙwaryar nan."

Da ta fita sai na kasa zama don murna. Na goya yarinyar na yi ta zagaya falo. Ga ɗaliba Allah ya kawo har gida, kuma a hannun wadda aka aiko ta raba ni da gafakar.

Sai dai kuma na tuna abin da ke biye. Ɗaliba tana tafiya da takarda. Ni kuwa na san irin masaukin 'yan kasuwarmu, na taɓa raka 'yata gaida wata: gadaje hawa-hawa, mata cike, kwalaye har rufi, ga kular abinci ga kwalaben turare, kowa na neman inda za ta aza kofin shayi. A can gida na ba da takardun nan ba sau ɗaya ba, amma gidajen da suke shiga na san su, na san wadda take da ɗan rarrafe da wadda ɗakinta ke yoyo, in na ga shiru in sa mayafi in bi sawu. Nan fa? Kuma ta hannun Malam, wadda ta rage?

'Yata ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta sauka shagon da ke ƙasan benenmu aka yi mata fotokwafi mai kala. Ta fito fes, jan wasalin ya fi na ainihin haske, har shatin shunin ya fito. Na duba na ce to, ai karatun ɗaya ne.

Washegari Hajiya ta zo, muka yi baƙi biyar, kanta yana ja sosai. Na ba ta kwafin. Ta karɓa da hannun hagu tana amsa waya da na dama, ta ninke shi huɗu ta cusa a jaka. Jibi ba ta zo ba. Gata ma haka. Na kira ta ce tana unguwar Satwa wajen tela, na sake kira ta ce mai kago ya ɓata mata rai, inshallah gobe. Na koma ɗaga labule. Duk tasin da ta tsaya a ƙasa sai na tsaya na ga wanda zai fito.

Da ta zo daga ƙarshe, a tsaye ta gaishe ni.

"Khalas, an gama, kwantena ta tashi. Jibi da safe sai Kano. Gobe da yamma zan aiko a karɓi kayan, ko in biyo da kaina."

"Ina takardarki, Hajiya?"

"Wace? Au." Ta lalubi jaka ta fasa. "Ina jin mai kago na ba wa ya rubuta min lamba a bayanta. Ai kuna da wata, ko? Ba inji ke yi ba?"

"Inji ke yi."

"To kin gani. Karatun nan sai an natsu, Maman nas. Wani zuwan."

Ba ta faɗa da wulaƙanci ba. Abin da na ba ta ta riƙe daidai yadda na ba ta shi.

Bayan la'asar na kira Yaya. Na ce masa na sami ɗaliba, a ƙara min lokaci. Ya tambayi ko wace ce, da na faɗa ya yi dariya har da tari.

"Hajiyar tawa? Na aiki mutum karɓo kaya kin mayar da ita 'yar makaranta. To ta tafi da takarda?"

Na ba shi labarin kwafin, ban rage komai ba.

"Malama, ke da kika zauna gaban Baba fiye da kowa. Kin manta abin da yake cewa? Malam Babba ba rashin allo ne ya sa yake ba da takardarsa ba. Babban mutum yana da uzuri dubu na ƙin dawowa, ga kasuwa ga kunya. Amma in ka damƙa masa abin da ya san ba ka da wani, dole ya dawo, kuma ba zai so ya dawo da ita bai iya ba. Ke kin ba ta abin da ko ke ba ki damu da shi ba."

"Yaya, ta hannunsa ce. Ita kaɗai ta rage a littafin. In ta salwanta fa?"

"Sai ki rubuta wata, a ga naki hannun. Ni dai ba zan canza abin da na tarar ba. In takarda ta fita, kina karantarwa, gafaka taki ce, ni zan ba yaron haƙuri. In ba ta fita ba, ki ɗaure ki ba Hajiya. A nan ma fita za ta yi, hannun masu faci za ta shiga, da baƙin mai da komai."

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya min. Ko ta wane hali takardar ba za ta zauna a akwati ba. Abin da ya rage kawai shi ne ko ni zan miƙa ta ko wani.

Da 'yata ta dawo aiki na gaya mata. Ta ajiye cokali.

"Umma, matar da ta ba da waccan aka rubuta lamba a kai? Abin da ya fi shekara ɗari? A wasu wuraren da safar hannu ake taɓa irinsa."

"Na sani."

"Kuma sai bayan watanni za ta dawo. In ta dawo."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ni ma zuciyata ba ta gama yarda ba. Na ce mata kawai gobe aikin yamma gare ta, ta riƙe 'yarta da safe, zan fita. Ta ce ta raka ni, na ce a'a. Sai ta tashi ta rubuta min sunan ginin da Hajiya ta sauka da manyan baƙaƙe, ta nuna min inda zan tsaya in tari tasi.

Da gari ya waye, bayan na yi wa yarinyar wanka, na yanko kwali biyu daga akwatin takalmi, na sa takardar a tsakaninsu na naɗe da sabon kallabi. Sauran na ɗaure na mayar ƙasan akwati. Ranar ce farkon fitata ni kaɗai a garin nan. Direban ya sauke ni a Sabka, na bi ta cikin masu tura kaya ina rungume da ƙunshin a ƙirji, ina karanta allunan gine-gine ɗaya ɗaya har na ga wanda ya yi daidai da na hannuna.

Na tarar da Hajiya zaune a ƙasa tsakanin jakunkuna, tana cin wainar fulawa da yaji, wata mata tana danne mata akwati da gwiwa.

"Maman nas da kanki? Ai da kin bari na biyo. Ina gafakar?"

"Gafaka tana gida. Wannan na kawo miki."

Na warware kallabin. Ta leƙa, ta dube ni, ta sake leƙawa.

"Wannan ai ta tsohon ce."

"Ita ce. Babu wata. Za ki tafi da ita Kano, in kin dawo sari ki kawo min ita da karatunta a bakinki, in ba ki ta biyu."

"Ke, rufa min asiri. In ta ɓace fa? Yayanki a layinmu yake."

"Shi ya ce a ba ki."

Ta miƙo hannu, ta ga man da ke yatsunta, ta janye. Ta tashi da ƙyar ta shiga banɗaki, na ji ƙarar famfo ta daɗe. Da ta fito ta goge hannu a zaninta, ta ce wa mai danne akwatin ta matsa, ta kashe wayoyin duka biyu ta tura ƙarƙashin filo. Na jawo wani kwali mai jan layi uku na zauna a kai, na ɗora takardar a cinyarta, na ce ta nuna min inda muka tsaya.